Arthur C. Clarke: Mai Lissafin da Ake Ɗauka Ɗan Duba

A watan Oktoba na 1945, wata biyu kacal bayan jefa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, wata mujallar masu sana'ar rediyo da ake bugawa a Landan mai suna Wireless World ta fito da wata maƙala mai shafi huɗu. Marubucinta hafsa ne a rundunar sojan saman Ingila, ɗan shekara 27, sunansa Arthur C. Clarke, kuma fam 15 aka biya shi ladan rubutun. Abin da ya kawo shi ne, idan aka harba tasha zuwa sama aka ajiye ta a nisan kimanin kilomita 36,000 daidai saman layin ikwaita, za ta riƙa kewaya duniya sau ɗaya a kowace rana, kafaɗa da kafaɗa da juyawar duniyar kanta, ta yadda wanda ke ƙasa zai gan ta tsaye cik a wuri guda. Tasha uku irin wannan, in an raba tazararsu daidai, sun isa su kai rediyo da talabijin ko'ina ban da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. A lokacin ɗan'adam bai taɓa ɗora ko tsinke a falaki ba, sai bayan shekara 12 ne Rasha ta harba Sputnik. Yau ɗaruruwan taurarin ɗan'adam ne ke jere a wannan layi, ana ma kiransa da sunan Clarke, kuma daga can ne sallar tarawihi ta Harami da wasan ƙwallon Turai suke sauka a gidajen Kano da Damagaram da Kumasi. Saboda haka masu yabonsa da yawa suke ɗaukarsa tamkar wanda aka buɗe wa labulen gobe. Ni a ganina wannan yabo ya rage masa daraja. Gaibu na Allah ne, kuma Clarke bai taɓa cewa ya san shi ba. Mutum ne da ya iya lissafi, ya kuma iya labari, kuma sai an duba yadda ya haɗa biyun sannan za a gane abin da ya yi.

Lissafin ba shi da wani asiri. Duk abin da ke kewaya duniya, gwargwadon kusancinsa da ita gwargwadon saurin gama zagayensa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke nisan kilomita 400 ko kusa da haka, cikin minti 90 da 'yan kai take kammala zagaye ɗaya. Wata kuwa, da ke nisan kimanin kilomita 384,000, kwana 27 da ɗoriya yake ɗauka. Tsakanin minti 90 da kwana 27 dole a sami wani nisa da zagayensa zai zo daidai da kwana ɗaya, kuma wannan nisa shi ne kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Ƙa'idar fitar da wannan adadi tun ƙarni na 17 Kepler da Newton suka shimfiɗa ta. Abin da Clarke ya ƙara shi ne abubuwa biyu da yaƙi ya nuna masa. Na farko roka, domin daga watan Satumba na 1944 Jamusawa sun yi ta ruwan rokar V-2 a kan Landan, kuma duk mai hankali ya ga cewa abin da ya iya hawa kilomita 80 da wani abu don ya kashe mutane, in an ƙara masa ƙarfi zai iya wucewa ya zauna a sama. Na biyu rediyo, domin aikin da ya yi a soja ya sanar da shi cewa igiyoyin da ke ɗauke da hoton talabijin miƙe suke tafiya, ba sa lanƙwasa su bi gantsarar duniya, don haka komai tsawon turken da aka kafa, iyakarsa inda ido ke iya kaiwa. To in turke ya gaza, sai a kai tashar inda kusan sulusin duniya ke ganinta lokaci guda. Wannan tsayuwa wuri guda ita ce dalilin da ya sa mai ɗaura farantin satalayit, da zarar ya ji sigina ta kama, sai ya ɗaure noti ya sauko daga kan rufi, farantin ya shekara goma bai motsa ba.

Tarihin rayuwarsa ma ya nuna daga inda wannan hali ya fito. An haife shi ranar 16 ga Disamba, 1917, a Minehead, wani ƙaramin gari a bakin teku a yankin Somerset na Ingila. Mahaifinsa ya yi aikin gidan waya kafin ya koma noma, ya kuma rasu Clarke yana ɗan shekara 13, ya bar uwa da 'ya'ya huɗu a gona. Yaron ya harhaɗa madubin hangen nesa da hannunsa yana zana taswirar wata, yana kuma tara kwabbansa yana sayen mujallun ƙagaggun labaran kimiyya na Amurka masu arhar takarda. Babu kuɗin jami'a, don haka a 1936 ya tafi Landan ya kama aikin gwamnati na binciken lissafin kuɗi. A can ya tsunduma cikin wata ƙungiya ta masu burin zuwa duniyoyin sama, British Interplanetary Society, wadda aka kafa a Liverpool a 1933. Wata tsohuwar dokar Ingila ta 1875 kan abubuwa masu fashewa ta hana su gwada roka, sai suka koma ga takarda da fensir, har a 1939 suka fitar da cikakken zanen jirgin da zai kai mutum uku wata ya dawo da su. Mutane na yi musu kallon masu taɓin hankali. Daga 1941 zuwa 1946 yana soja, inda ya yi aiki da wata sabuwar na'urar rada wadda mutum ke zaune a ƙasa yana ganin jirgi a allo, yana yi wa matuƙi jagora da baki har ya sauka lafiya cikin hazo ko duhu. Sai bayan yaƙi ya samu shiga King's College ta Landan, ya fito a 1948 da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi da kimiyyar fiziks. Wanda ya bi wannan hanya ya saba da cewa kafin ka faɗi abu sai ka auna shi.

Akwai masu cewa ko wannan ma an yi masa ƙari, tunda ba shi ne na farko ba. Suna da hujja. Wani tsohon hafsan sojan Ostiriya ɗan asalin Sulobeniya, Herman Potočnik, ya wallafa littafi a ƙarshen 1928 da sunan aro na Noordung, inda ya yi bayanin tasha mai tsayawa a wannan nisa, sannan ya rasu a Viyana a 1929 cikin talauci. Bayan haka injiniyoyin da suka ƙera taurarin sadarwa na farko ba maƙalar Clarke suka ɗauka suka bi ba. John Pierce na kamfanin Bell, wanda ya jagoranci aikin Echo na 1960 da Telstar na 1962, ya ce bai san da ita ba sa'ad da ya fara tunanin nasa, kuma Harold Rosen da abokan aikinsa a kamfanin Hughes ne suka sha wahalar ƙera Syncom 3, tauraro na farko da ya tsaya cik a wannan layi a 1964, wanda ya haska wasannin Olimfik na Tokyo zuwa Amurka. Clarke bai yi rajistar mallakar dabarar ba, bai kuma taɓa ɓoye cewa da bai rubuta ba wani zai rubuta. Na yarda da duk wannan, kuma shi ne ma ke ƙarfafa abin da nake faɗa. Abin da mutum uku ko huɗu suka cim masa kowa ta hanyarsa, lissafi ne ya kai su. Amma littafin Potočnik a hannun 'yan tsirarun masu sha'awar roka ya tsaya, kuma injiniya ba ya ƙera abin da babu wanda zai biya kuɗinsa. Tsakanin takardar lissafi da harba roka akwai majalisa da za ta amince da kasafi, akwai jama'ar da sai sun daina dariya kafin majalisar ta amince. A wannan fili ne Clarke ya yi aikin da ba wanda ya kama ƙafarsa.

Shekara ashirin ya yi yana wannan aiki. A 1951 ya fitar da The Exploration of Space, littafin da ya yi wa wanda bai san kimiyya ba bayanin yadda roka ke tashi da yadda za a je wata, a cikin harshe mai sauƙi, kuma ya sami karɓuwa sosai a Amurka. Hukumar UNESCO ta ba shi lambar Kalinga ta 1961 saboda yaɗa ilimin kimiyya ga talakawa. Ranar da Apollo 11 ya sauka a wata a Yulin 1969, Clarke na zaune kusa da ɗan jarida Walter Cronkite a tashar talabijin ta CBS yana sharhi, kuma hoton da kimanin mutum miliyan 600 suka kalla ya bi ta taurarin Intelsat da aka jera a saman tekunan Atlantika da Fasifik da Indiya, kusan yadda ya zana a 1945. Misalin da ya fi nuna ƙarfin labari shi ne na littafinsa Rendezvous with Rama na 1973. Ya buɗe shi da wani dutse da ya faɗo daga sama a shekarar 2077 ya shafe biranen arewacin Italiya, abin da ya sa mutane suka kafa wani shiri mai suna Spaceguard don sa ido kan irin waɗannan duwatsu. Masana taurari sun daɗe da sanin haɗarin. To amma da majalisar dokokin Amurka ta nemi hukumar NASA ta yi nazari, rahoton da ya fito a 1992 sunan da ke cikin ƙagaggen labarin aka sa masa. Daga wannan bincike aka zo ga ranar 26 ga Satumba, 2022, da wani kumbo mai suna DART ya kai wa dutsen Dimorphos karo da gangan, ya rage masa tsawon zagaye da minti 32, don a tabbatar ko za a iya kautar da dutse daga hanyarsa. Ba Clarke ne ya gina kumbon ba. Shi ya sa wa abin tsoron suna da fuska, har wanda ba ya karanta mujallar masana ya gane me ake nufi.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi, wato cewa kurakuransa sun fi dacensa yawa. A 1945 ya ɗauka tashoshin nan manya ne da mutane za su zauna a ciki, domin rediyon lokacin da kwalaben lantarki yake aiki, masu ƙonewa a kai a kai, dole a sami mai canja su. Shekara biyu bayan haka aka ƙirƙiro taransisto, kuma Early Bird da aka harba a Afrilun 1965 ya ɗauki layin tarho 240 ba tare da kowa a cikinsa ba. Fim ɗin 2001: A Space Odyssey, wanda ya shafe shekara huɗu yana aikinsa da darakta Stanley Kubrick har ya fito a 1968, ya nuna sansanin mutane a wata da jirgi mai ɗauke da mutane zuwa Mushtari a farkon wannan ƙarni. Shekarar 2001 ta zo ta wuce, kuma tun Disamban 1972 babu ƙafar da ta sake taka wata. Kamfanin jiragen Pan Am da aka nuna yana jigilar fasinja zuwa falaki ya durƙushe a 1991. Sai dai in an dubi kurakuran da kyau, za a ga galibinsu wuri guda suka taru. Inda magana ta tsaya kan nisa da sauri da nauyi, da wuya a kama shi. Inda ta koma kan abin da mutane za su so, da abin da gwamnatoci za su biya, nan yake zamewa. Ya ɗauka zuwa wata mafarin tafiya ne, alhali ga 'yan siyasar Amurka gasa ce da Rasha, da aka ci gasar kuwa sai aka tsuke bakin aljihu. Ya kuma yi imani cewa tauraron sadarwa zai kashe jahilci ya rushe iyakoki. A 1971, wajen sa hannu kan yarjejeniyar Intelsat a Washinton, ya gaya wa wakilan ƙasashe cewa abin da suka rattaba wa hannu daftarin farko ne na haɗewar duniya ƙasa ɗaya. Yana da abin da zai nuna, domin daga 1975 zuwa 1976 Indiya ta aro tauraron ATS-6 daga Amurka ta haska darussan noma da kiwon lafiya zuwa ƙauyuka kusan 2,400, har ta kafa masa faranti a gidansa na Kolombo. Amma duk wanda ya ga yadda ƙarya da ƙiyayya ke yawo a waya yau ya san duniya ba ta zama abin da ya yi fata ba.

A nan ne nake ganin masu sukar suka tsaya a rabin hanya, domin jawabansa kaɗai suka karanta. Clarke mai jawabi mutum ne mai kyakkyawan zato, amma Clarke mai labari ya fi shi taka tsantsan. A 1960 ya rubuta wani gajeren labari, I Remember Babylon, inda shi da kansa ya shiga cikin labarin, wani mutum ya tare shi yana yi masa godiya kan dabarar 1945, yana gaya masa cewa za su yi amfani da ita su riƙa watsa batsa da farfaganda kai tsaye cikin gidajen Amurkawa daga sama, inda babu hukumar tace finafinai da za ta iya tare su. Wannan shekara huɗu ke nan kafin tauraro na farko ya tsaya a layin. Iyayen da ke fama da abin da 'ya'yansu ke kallo a yau ba sa buƙatar a yi musu sharhin wannan labari. A wani labarin na 1951, Superiority, wata runduna ce ta sha kashi a hannun abokan gaba masu tsofaffin makamai, saboda ta bar abin da ke aiki ta bi sababbin ƙere-ƙeren da ba su nuna ba. Kwamfutar nan HAL ta cikin 2001, wadda ta kashe matafiyan jirgin, a littafin da Clarke ya rubuta na wannan labari an bayyana cewa an gina ta don ta faɗi gaskiya, sannan shugabanni suka umarce ta da ta ɓoye wa matuƙan manufar tafiyar, kuma wannan karo tsakanin umarni biyu ne ya haukata ta. Laifin na masu ba da umarni ne. Ƙagaggen labari shi ne wurin da Clarke yake gwada abin da alƙaluma ba sa aunawa, yana sa na'ura a hannun mai son zuciya ko mai tsoro ko mai girman kai, ya ga me za ta zama.

Littafin da ya fi zurfi a wannan fanni shi ne Childhood's End na 1953, wato ƙarshen ƙuruciya, kuma ina ganin mai karatu daga ƙasar da aka taɓa mulka zai fi Bature jin ɗacinsa. Wata rana manya-manyan jirage suka tsaya cik a saman biranen duniya. Baƙin ba su harba ko harsashi ba. Shugabansu, Karellen, ba ya nuna fuskarsa, ta bakin Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya yake isar da umarni, gwamnatoci kuma aka bar su a kujerunsu suna zartarwa. Wanda ya san yadda Gwamna Lugga na zamanin mulkin mallaka ya bar sarakuna a karagarsu, Razdan na gefe yana faɗin abin da za a yi, ba zai rasa gane wannan tsari ba, kuma littafin da kansa ya kwatanta baƙin da Turawan Ingila a Indiya. An daina yaƙi, an daina yunwa, an daina zalunci. Sai bayan shekara 50 baƙin suka fito fili, aka ga suna da ƙaho da fikafikai da wutsiya, siffar da Turawa ke zana Shaiɗan da ita. Ana iya cewa Clarke ɗan daular Ingila ne da ke mafarkin mulkin mallaka mai tausayi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin, domin sau da yawa a littattafansa ceto daga sama yake zuwa, daga waɗanda suka fi mu sani. Amma bai ɓoye farashin ba. A cikin wannan zaman lafiya bincike ya tsaya, waƙa da zane suka yi sanyi, mutane suka daina tambaya domin sun san akwai waɗanda suka riga su sanin amsa. A ƙarshe ya bayyana cewa baƙin ma bayi ne ga wani iko da ya fi su, an aiko su ne su yi renon 'ya'yan mutane har su rikiɗe su zama wani abu da iyayensu ba za su gane ba. Mutum na ƙarshe da ya rage, Jan Rodricks, baƙar fata ne, shi ne ya tsaya yana ba da rahoto har duniya ta narke. Marubucin da ya yarda cewa ci gaba alheri ne tsantsa ba zai rubuta iyaye suna kallon 'ya'yansu na tafiya ba waiwaye ba.

Akwai aibin da ba zan kare shi a kai ba. Mutanen cikin labaransa ba su da jini sosai. Galibinsu maza ne, injiniyoyi masu natsuwa, suna magana kamar suna karanta rahoto, mata kuwa kaɗan ne kuma ba a ba su abin yi. Wanda ya saba da littafin da ke shiga cikin kishi da gaba da soyayyar gida zai ji labaran Clarke da sanyi. Abin da kawai za a ce shi ne ya zaɓi ɗan'adam gaba ɗaya ya zama jaruminsa, kuma wanda ya ja baya don ya ga taro dole fuskoki su dushe masa. Wannan bayani ne, bai share aibin ba.

Ƙorafin da ya fi kusa da zuciyar mai karatu Musulmi ko Kirista shi ne na addini. Clarke bai yarda da addini ba, ya sha faɗin haka, har ya bar wasiyya cewa kada a yi masa kowace irin addu'a a jana'izarsa. Ba na bin sa a wannan, kuma ba na ganin amfanin a lulluɓe shi. Sai dai yana da kyau a san cewa labaransa ba na izgili ba ne. A The Star na 1955, wanda ya ci lambar yabo ta Hugo, wani limamin Katolika masanin taurari ne ya isa wata duniya da ranarta ta fashe ta ƙone al'umma mai kirki da wayewa, ya yi lissafi ya gano cewa hasken fashewar shi ne tauraron da Kiristoci ke cewa ya haska lokacin haihuwar Annabi Isa. Labarin bai yi wa limamin dariya ba, ya tsaya tare da shi a cikin raɗaɗin tambayar da malaman tauhidi suka daɗe suna fama da ita, ta hikimar da ke bayan wahalar marar laifi. A wani labarin na 1953, The Nine Billion Names of God, injiniyoyi biyu ne ke raina wasu masu bauta na Tibet da suka yi hayar kwamfuta don aikin ibadarsu, kuma a ƙarshe masu bautar ne suka yi gaskiya. Mumini na iya ƙin amsar Clarke ya kuma amfana da girman tambayarsa, kamar yadda ake karɓar lissafin nisan tauraro daga hannun wanda ba a karɓar aƙida a wurinsa. Shi dai bai taɓa kallon sama ya ga abin rainawa ba.

A 1956 ya koma tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, saboda son nutso a ƙarƙashin teku, wanda ya ce shi ne mafi kusa da rashin nauyin da ake ji a sararin samaniya. A can ya zauna har ƙarshen ransa. Ciwon shan inna da ya kama shi a 1962 ya dawo masa a ƙarshen shekarun 1980 ya sa shi a keken guragu, igiyar ruwan tsunami ta Disamban 2004 kuma ta rusa makarantarsa ta koyar da nutso a Hikkaduwa. Tsibirin ne ya ba shi littafinsa The Fountains of Paradise na 1979, wanda ya koma kan layin nan na kilomita 36,000 da wata dabara ta daban. Tunda tasha a wannan nisa tsaye take a saman wuri guda, ana iya zuro igiya daga can har ƙasa, a ɗaura nauyi a ɗaya ƙarshen can sama, juyawar duniya ta riƙe igiyar a miƙe kamar yadda juyi ke miƙar da majajjawa, sai kaya da mutane su riƙa hawa ba tare da roka ba. Dabarar ta wani injiniyan Leningrad ce, Yuri Artsutanov, wanda ya wallafa ta a 1960, kuma Clarke ya ambace shi ya ba shi haƙƙinsa. Dutsen da ya kafa gindin igiyar a kansa ya samo shi ne daga Dutsen Adamu na Siri Lanka, mai tsawon mita 2,243, wanda mabiya Buddha ke girmamawa, Musulmi kuma suka daɗe suna danganta sawun da ke ƙololuwarsa da Annabi Adamu, har Ibn Battuta ya hau shi a 1344. Rikicin littafin shi ne injiniya na buƙatar dutsen, masu bauta kuma sun ƙi tashi. Har yau ba a ƙera igiyar da za ta iya ɗaukar nauyin kanta a wannan tsawo ba. Clarke ya rasu a Kolombo ranar 19 ga Maris, 2008, yana da shekara 90.

Wannan fanni na rubutu ba baƙo ba ne a Hausa. A 1969, shekarar da aka sauka a wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka ɗauka aka zaga da shi sararin samaniya, sai dai kaɗan ne suka bi sawunsa idan aka kwatanta da ɗimbin littattafan soyayya da suka biyo baya. Najeriya kuwa ta shiga layin Clarke da kuɗinta. A watan Mayu na 2007 aka harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar fikafikansa masu tara hasken rana, sannan a Disamban 2011 aka harba NigComSat-1R ya maye gurbinsa. Duka biyun a Sin aka ƙera su. Ƙasa na iya sayen tauraro, amma yaran da za su ƙera na gaba sai sun fara sha'awar abin tun suna ƙanana, kuma Clarke kansa daga mujallar kwabo ya fara kafin ya kai ga lissafi. Marubutan Hausa da ke da dubban masu karatu a waya suna da filin da Umaru Dembo bai samu ba, kuma akwai ɗaliban injiniya a Zariya da Kano da Yamai da za su iya duba musu alƙaluma kafin su fitar da labari.